Bashi Hanji Ne: Me Ya Sa Jaruman Littattafanmu Ba Sa Ƙirga Kuɗi?

Wata Lahadi a ƙarshen sanyi na raka kawuna kasuwar Goronyo, ya kai albasar da ya noma a fadama. Kafin la'asar an gama ciniki, dillali ya cire la'adarsa, 'yan dako sun karɓi nasu, sauran kuɗin suka shige aljihun 'yar ciki. Na zaci zan ga fara'a a fuskar mutumin da ya shafe watanni yana ban ruwa cikin hunturu. Ban gani ba. Tun daga tasha har muka iso Wurno bai ce uffan ba, sai dai lokaci-lokaci hannunsa ya kai ƙirji, ya taɓa inda kuɗin suke, ya dawo.

Bayan isha'i ya kira ni ɗakinsa, ya sakaya ƙofa, ya zube su kan tabarma ya shiga kasawa. Ga kashin mai taki, ga na wanda ya ba shi fetur ɗin injin ban ruwa bashi, ga na 'yan ƙwadago, ga na buhun geron da aka ci tun damina, ga gudummawar bikin da aka yi masa bara wadda lokacin ramawa ya yi, ga abin da za a fara rage kayan ɗakin 'yarsa da shi. Kowane kashi da sunan mutum a kansa. Da ya ga ina kallo sai ya ce, "Ɗana, kuɗɗin ga da kaka gani ba nau na ba. Ajiya ta anka ba ni ta kwana guda."

A daren nan na kwanta da waya a hannu, na ci gaba da wani littafi da nake bi a intanet. Shafin da na buɗe, jarumin ya ɓata wa budurwarsa rai, don haka ya tura mata naira miliyan goma ta sayi kati. Marubuciyar ba ta faɗi inda kuɗin suka fito ba. Jarumin bai duba abin da ya rage masa ba, ita kuma budurwar ba ta tuna da kowa ba sa'ad da alat ya shigo: ba uwa, ba ƙane mai jiran kuɗin makaranta, ba uwar adashi. Na ajiye wayar ina tambayar kaina: tsakanin ɗakin kawu da wannan shafi, ina ne aka fi samun labari?

Wannan tambayar ce ta haifi rubutun nan. Ra'ayina shi ne, ƙagaggun labaranmu cike suke da kuɗi, amma kaɗan ne daga cikinsu suka san abin da kuɗi ke yi wa zuciya. Kuɗi a wurinmu ko dai ado ne da ake rataya wa jarumi, ko kuma bulala ce da ake hukunta mugu da ita a babin ƙarshe. Tsoro da kunya da fargaba da ɗan guntun alfaharin da ke tattare da samu da rashi, duk a cikin lissafi suke zaune, mu kuwa lissafin ne muke tsallakewa.

Kowace shiga da fitarta

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma na yi aiki a kan manhajojin biyan kuɗi. Doka ta farko da ake koya wa mai wannan aiki tsohuwa ce, tun 1494 wani masanin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya bayyana ta a littafi: duk kuɗin da ya shiga wani asusu, dole a rubuta asusun da ya fito. In ka rubuta shiga ba ka rubuta fita ba, littafin ba zai daidaita ba, kuma kowa zai san akwai ƙarya a wani wuri. Da wannan idon nake karanta labari, ko ina so ko ba na so. In marubuci ya ba jarumi mota, sai in nemi ɗaya gefen: wa ya rasa, wa ake bi, wa ke jira, me aka fasa yi?

Akwai kuma wani ɗan abu da aikin ya nuna mini. A yawancin manhajojin banki da muke amfani da su, irin su OPay da Moniepoint, akwai hoton ido ƙarami kusa da adadin kuɗinka. In ka taɓa shi, lambobin su koma taurari. Ka lura da mutane a gaban mai POS, za ka ga da yawa sun rufe idon nan. Mai dubu biyu yana rufewa don kada a raina shi, mai dubu ɗari biyar yana rufewa don kada a roƙe shi. Wani ma shi kaɗai a ɗaki yake barinsa a rufe, saboda ba ya son ya gani. Bahaushe ya riga injiniyoyi sanin wannan maɓalli, shi ya sa in ya roƙi Allah ba ya cewa a ba shi miliyan kaza, sai ya ce Allah ya rufa asiri. Wato babban abin tsoro shi ne a gane ba ka da shi, ya fi rashin kansa ciwo. Adabin da ya fito daga al'umma mai irin wannan addu'a ya kamata a ce ya ƙware wajen bayyana ta.

Jiki Magayi: ciwon da kuɗi ke ji wa mutum

Abin sha'awa, mun fara da ƙafar dama. Cikin littattafan farko na shekarun 1930, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya ɗora labarinsa kacokan a kan kuɗi. Malam Shehu attajiri ne marar haihuwa, ya ga Zainab wadda ke da alkawari da Abubakar, dukiyarsa ta yi masa aiki, ya aure ta. Abubakar ya bar gari neman abin ramuwa, kuma ramuwar ta faɗa kan Kyauta, ɗan da aka haifa a auren, wanda ya tashi ɓarawo har ya zama ajalin mahaifinsa.

Abin da littafin ya gane shi ne, wanda aka kayar da kuɗi ba ya jin zafin rasa abin da ya rasa kamar yadda yake jin zafin an yi masa farashi. An auna Abubakar da ma'aunin da ba shi da hannu a kai, an ce bai cika ba. Irin wannan ciwo ba ya warkewa ko da mutum ya yi arziki daga baya, don wulaƙancin da aka yi maka kana da shekara ashirin ba a biyan sa da ribar shekara arba'in. Duk wanda aka taɓa mayar wa da kayan na-gani-ina-so saboda wani mai mota ya fito, ya san Abubakar.

Inda nake da ƙorafi shi ne, da zarar an ƙulla auren, labarin ya bi Abubakar daji neman asiri, ya bar mu da ƙishirwar abin da ke faruwa a gidan da aka yi cinikin. Yaya uba yake kwana bayan ya karya alkawari don abin hannu? Me yake faɗa wa kansa don ya samu barci? Nan ne ilimin halayyar ɗan Adam yake. Tun daga wancan lokaci muka saba da wata al'ada: in maganar kuɗi ta yi nauyi, sai mu miƙa ta ga boka ko ƙaddara su ƙarasa mana.

Kuɗi a matsayin jarrabawa

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta shigo da shi a 1986 ya riga ya karya darajar naira, albashi ya daina kai wata, lefe ya fi ƙarfin saurayi mai ƙaramin aiki. Sumayya 'yar masu hali ce, tana son Muhammad talaka, Abdulƙadir mai kuɗi ya biyo ta hannun kakarta da kyaututtuka, har ta kai Sumayya ta faɗa rijiya. Ba mamaki littafin ya karɓu haka, don ya taɓa gyambon da ke jikin dubban samari da 'yan mata a lokacin. Ina ganin wannan a matsayin nasara ta gaske, kuma ba na cikin masu yi wa adabin kasuwar Kano kallon raini.

Matsalar ta taso ne daga ɗaruruwan littattafan da suka ari ƙirarsa suka mayar da ita ƙa'ida. A ƙa'idar nan kuɗi jarrabawa ce kawai: mai son kuɗi mugu ne, mai ƙin su nagari ne. Sai dai a babin ƙarshe nagarin nan dole ya yi kuɗi, ko ya gaji wani kawu da ba a san da shi ba, ko a gano ashe ɗan sarki ne aka sace yana jariri. Ka ga an yi tufka da warwara. An shafe shafi ɗari uku ana ce mana kuɗi ba komai ba ne, sannan aka saka wa wanda ya yarda da hakan da kuɗi. Mai karatu ba wawa ba ne, darasin da zai ɗauka shi ne na ƙarshen: talauci abin haƙuri ne na ɗan lokaci ga mutumin kirki, wanda kuwa ya dawwama a ciki, wataƙila da ma ba jarumi ba ne.

Balaraba da kuɗin cefane

Littafin da na fi girmamawa a wannan fage shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai hali, amma abin da yake bai wa Rabi na cefane ba ya isar ta da 'ya'ya tara, alhali a waje hannunsa a sake yake. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su.

Balaraba ta san cewa a gidan aure kuɗin cefane magana ce. Adadin da miji ya ajiye da safe yana faɗa wa mace matsayinta fiye da duk abin da bakinsa zai furta. Ta kuma san cewa ranar da Rabi ta fara riƙe kuɗin guminta, tsayuwarta ta canza. A nan kuɗi ba ado ba ne, da nauyinsu da warin hayaƙin murhu a jikinsu. Littafin ya daidaita, in yi amfani da harshen sana'ata: abin da aka kashe wa Delu, daga kwanon 'ya'yan Rabi ya fita, kuma an nuna mana duka gefen biyu.

Duk da haka, ko ita ba ta kuɓuta gaba ɗaya ba. Sauƙin Rabi ya ƙaru ne da 'yarta Saudatu ta auri mai kuɗi, Alhaji Abdu kuwa gobarar kasuwa ce ta durƙusar da shi. Na fahimci buƙatar ganin alhaki ya kama mai shi, sunan littafin ma alkawarin da ya ɗauka ke nan. Amma duk ɗan kasuwa ya san wuta ba ta tambayar halin mai shago kafin ta ci. In muka saba wa mai karatu da cewa karayar arziki hukunci ce, to ranar da mutumin kirki ya karye, da wane ido maƙwabta za su dube shi, da wane ido kuma zai dubi kansa?

Biloniyoyin waya

Yau kasuwar ta koma waya: Wattpad, ArewaBooks, zaurukan WhatsApp da Telegram. Akwai marubuta masu hazaƙa a can, mafi yawansu mata, kuma sun riƙe karatun Hausa a raye a lokacin da shagunan littafi ke rufewa. Amma a nan ne kuɗi suka rasa nauyi ɗungurungum. Jarumi yana da shekara ashirin da takwas, yana da kamfanoni a Dubai da Turkiyya, ba a taɓa ganin sa yana aiki ba sai dai ya sa hannu a takarda ya ɗaure fuska. Ana lissafa mana sunan turarensa da agogonsa da motarsa, ba a taɓa lissafa mana mutanen da ke zaune a zaurensa da safe kowa da buƙatarsa ba, alhali mai kuɗin Hausa na gaskiya da su yake karyawa.

Abin da ya fi ba ni tausayi yana ƙasan shafin. Bayan an gama bayanin gidan da aka kashe wa biliyan, sai ka ga sanarwa: littafin nan na kuɗi ne, naira ɗari biyar, ga lambar asusu, don Allah kada a fitar da shi waje, ban yafe ba. A waɗannan layuka uku akwai duk abin da babin ya rasa: gajiya, tsoron a cuce ka, kunyar neman haƙƙinka, fushin wanda aka saba ci wa gumi. Marubuciyar ta san ainihin ɗanɗanon kuɗi sarai. Ta dai ɗauka cewa wannan sanin ba shi da wuri a cikin labari.

Za a ce mini, mai karatu ya gaji da wahala, ya zo ne ya huta, me ya sa za a sake tuna masa da bashin mai shago? Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ban ƙi ta ba. Mutum na da 'yancin yin mafarki, tatsuniya ma cike take da 'ya'yan sarki. Amsata biyu ce. Ta farko, tatsuniya tana faɗa maka tun farko cewa ƙanzon kurege ce, littattafan nan kuwa suna sa sunayen unguwannin Abuja da Kano, don haka yarinyar da ke karantawa a Rabah tana auna saurayinta mai sayar da kati da ma'aunin da babu shi a duniya. Ta biyu ta shafi fasaha ce tsantsa: inda kuɗi ba sa ƙarewa, babu zaɓi, inda babu zaɓi kuwa babu hali. Ba ka sanin mutum sai abin hannunsa ya kasa buƙatu biyu, ka ga wadda zai ɗauka. Jarumin da zai iya sayen komai, marubuci ya rasa hanyar gwada shi, shi ya sa ake cika shafuka da ciwon zuciya da haɗarin mota da makircin kishiya.

Labaran da ke zube a gabashin Sakkwato

In wani ya ce rayuwar talaka ba ta da abin ja, ina gayyatarsa yankinmu. Manomin albasa da tafarnuwa a Wurno ko Goronyo kuɗinsa a dunƙule suke zuwa, sau ɗaya ko biyu a shekara, sauran watanni kuwa bashi ne da jira. A 2013 mujallar Science ta buga binciken da Anandi Mani da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da Jiaying Zhao suka yi a kan manoman rake 464 a Tamil Nadu ta Indiya. Sun gwada kaifin tunaninsu kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, da bayan girbi, suka tarar mutum ɗaya ya fi ƙoƙari bayan kuɗi sun shigo. Bayaninsu shi ne, tunanin rashi yana cinye wani sashe na hankali, kamar yadda manhaja mai nauyi ke cinye ƙwaƙwalwar waya har sauran su riƙa sanɗa. Wannan ai kyauta ce ga marubuci: mutum ɗaya, hali biyu, gwargwadon wata. Maigidan da ke faɗa a kan ƙwayar ashana a watan Agusta shi ne mai raba goro a watan Maris, kuma matarsa ta san kalandar nan fiye da kowa.

Ga kuma cacar ajiya. Lokacin girbi albasa tana araha, in ka iya riƙe ta a rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake adana ta, zuwa ƙarshen shekara tana iya yin tsada sosai. Amma tana ruɓewa, tana tsiro, tana raguwa, masu bin ka bashi kuma ba su san haƙuri ba. Kowace safiya mutum ya leƙa rudu ya shinshina, yana lissafin ko yau ne ranar sayarwa. Wanda ya sayar da wuri ya ga farashi ya tashi, da wanda ya jira ya kwashe ruɓaɓɓu, dukansu suna da abin da ba sa iya faɗa wa iyali. Ga madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, wadda noman rani ya dogara da ita, ita ce kuma a Satumbar 2010 ambaliyarta ta shafe gonaki da gidaje. Abin da ke ciyar da kai shi ne abin da kake tsoro.

Sannan ga farkon 2023. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, sai a ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin su ci gaba da aiki. A tsakanin nan, daidai lokacin kwasar albasa, mutanen da ba su taɓa yarda da banki ba suka kai abin da suka ɓoye shekara da shekaru, aka ce musu ya zama lamba a waya, lambar kuma ba ta fita sai da sabis. Takardar naira 200 mai hoton Sardauna, ɗan Rabah, ta zama abin da ake saye da kuɗi a garin da aka haife shi. Na ga dattijo riƙe da waya yana tambayar yaro ko kuɗinsa na nan ciki, yaron ya ce suna nan, ya ce to a nuna masa. Har yau ban ci karo da ƙagaggen labarin da ya zauna da wannan dattijo ba.

Mafi nauyi duka shi ne abin da rashin tsaro ya yi wa ma'anar samu. Tun harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a Yulin 2018, zuwa na kasuwar Goronyo a ranar 17 ga Oktoban 2021 inda aka kashe sama da mutum 40, yankin ya koyi wani sabon lissafi. A ƙauyukan da 'yan bindiga ke sa wa haraji ko suke satar mutane, sabon rufin kwano ko sabon babur na iya zama sanadin a kwana a daji. Mutum ya yi arziki ya rasa wanda zai faɗa wa, don bai san kunnen da zai kai labari ba. In kuma aka ɗauki wani, dangi su zauna tara kuɗin fansa: a sayar da shanu, a jinginar da gona, kowa ya kawo abin da zai iya, kowa kuma ya riƙe a ransa wanda ya kawo kaɗan. Wanda aka fanso ya dawo gida ya tarar an san farashinsa, yana kallon ƙannensa da suka bar makaranta dominsa. Wace irin godiya ce ke isar wannan, kuma yaushe take juyewa ta zama jin haushi? Ba sabon abu ba ne a tarihinmu: Baba ta Karo, a labarin rayuwarta da Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ta faɗi yadda mahara suka kama 'yan gidansu aka tara wuri aka fanso su. Tsohuwar da ba ta yi boko ba ta ba da wannan labari dalla-dalla, mu masu digiri muna ta zagaye shi.

Misali daga maƙwabta

Don kada a ce abin da nake nema ba ya yiwuwa, a duba Sembène Ousmane na Senegal. A gajeren littafinsa Le Mandat, wanda ya mayar fim mai suna Mandabi a 1968, wani magidanci marar aiki a Dakar, Ibrahima Dieng, ya samu takardar kuɗi daga ɗan 'yar'uwarsa da ke Faris. Ba zai iya karɓa ba sai da katin shaida, katin kuma sai da wata takardar. Kafin ko sisi ya shigo hannunsa, labari ya bazu: an ci bashi da sunan kuɗin, maƙwabta sun yi layi, masu wayo sun kewaye shi. Mafi yawan kuɗin ma ba nasa ba ne, aike ne da ajiya. Babu biloniya a labarin, babu boka, amma ba ka iya ajiye shi, saboda Sembène ya bi kowane kashi zuwa inda ya tafi. Ibrahima Dieng da kawuna da sun haɗu, da ba su buƙaci tafinta ba.

Daga ina kunyar ta zo?

Na sha tunanin dalilin da ya sa muke kauce wa lissafi a rubutu. Ina jin tarbiyya ce: an koya mana cewa yawan maganar kuɗi son abin duniya ne, ƙirga abin da ka bayar rowa ce, faɗin damuwarka rashin tawakkali ne. Amma magabatanmu ba su ji wannan kunyar ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Wurno ya kuma rasu a nan a 1837, ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen neman abin kai da darajar sana'a. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, abin da sai an zauna an ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya, an ɗaure a buhu an ɗora wa jaki. Kakanninmu sun san kuɗi abu ne mai nauyi da cin lokaci. Karin maganarmu ma ba ta ɓoye komai ba, ita ce ta ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. In yana cikin kowa, don me ba ya cikin jarumanmu?

Abin da nake roƙon marubutanmu ba shi da yawa. Kafin ka fara labari, ka san abin da ke aljihun kowane mutum a ciki, da wanda yake bi, da wanda ke bin sa, ko da ba za ka rubuta adadin ba. In ka ba wani kyauta, ka bi ta kwana bakwai ka ga abin da ta haifar tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Ka bar mutumin kirki ya karye ba tare da ya yi laifi ba, ka bar shi ya ci gaba da zama mutumin kirki ba tare da gadon bazata ba. Ka rubuta mai kuɗin da ke tsoron ƙarar wayarsa. Ka saurari uwar adashi, da mai POS, da dillalin albasa, don sun fi kowane boka sanin asirin gari.

Daren nan a Wurno, bayan kawu ya gama kasawa, wani ɗan kashi ya rage a gefen tabarma, bai kai ko ɗaya daga cikin sauran ba. Ya daɗe yana kallon sa. Sai ya zari takarda ɗaya ya miƙo mini, ya ce in sha mai a hanya. Na san albashina na wata ya fi abin da ya rage masa na shekara, shi ma ya sani. Na buɗe baki zan ce a'a, na dubi fuskarsa, na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya. Sai a lokacin na ga fara'ar da na yi ta nema tun daga kasuwa.